Hoton da ke Kusa da Taga

Masu sauke hotuna sun fara daga bakin ƙofa, ita kuwa tsohuwar tana zaune a bencinta na ƙarshen zaure, jakarta a kan cinya.

Za a rushe tsohon ginin ma'aikatar jiragen ƙasa, don haka aka yi sanarwa a rediyo cewa iyalin kowane tsohon minista su zo su karɓi hoton nasu. Ministocin kuwa ga su nan jere a bango, kowa ya sha kunu. Ga wanda ya sayo kawunan jirgi da suka fi ƙarfin layin dogon. Ga wanda ya sa aka sake wa tarago ɗaya fenti, ya ƙaddamar da shi sau biyu. Akwai ma wanda bai taɓa hawa jirgin ba, wai jiri yake sa shi. Duk ba su dami tsohuwar ba. Nata yana kusa da taga.

Ministan nan bai yi ko wata guda a kujera ba sojoji suka kifar da gwamnati. Suka tare motarsa a hanyar tasha, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Aka ƙona gidansa. Abokan cin mushe suka rantse ko kamanninsa ba su sani ba. Sai da ƙura ta lafa, bayan shekaru, aka tono hoton cikin kayan marigayi mai hoton ma'aikata, aka rataye don kada jerin ya yi giɓi.

Siririn mutum ne, zaune cikin taragon alfarma na minista. Rigar ta yi masa yawa a kafaɗa, hular ta sauko har kunne, ya cusa tafukansa cikin hannun riga. Duk bangon shi kaɗai ke murmushi, irin na mai danne dariya.

Tun da aka rataye shi, mako ba ya wucewa ba ta zo ba.

"Iya, yau ma an zo zance ke nan?" in ji maigadi kullum.

"To wa zai hana ni? Shi ai ba ya kora."

Ma'aikata sun yi ta kintace. Wasu suka ce kukun gidansa ce, wasu suka ce budurwarsa ce da juyin mulki ya yi wa ƙwalele. Ba ta taɓa cewa e ko a'a ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba, ɗakinta na bayan tsohuwar tasha kuwa ko ƙarar jirgi ya daina ji. Kaɗaici ya yi mata yawa. Nan take zuwa ta goge gilashin da bakin mayafi, ta faɗa masa rufin ɗaki na yoyo, gwiwa ta sake tashi.

Da ta ji sanarwar, ta roƙi akawun ma'aikatar alfarma ɗaya.

"Iya, ƙa'ida ta ce iyali," ya ce. "Amma idan muka tashi aiki yau babu wanda ya zo, ki ɗauka. Ni ban gani ba."

Shi ya sa duk takun da ta ji a matakala sai gabanta ya faɗi. Wasu iyalan suka aiko direba. Wasu ko aike babu, aka jingine iyayensu a lungu, fuska na kallon bango. Azahar ta wuce, la'asar ta yi. Ta ciro tsohon zanen da za ta naɗe hoton, ta shimfiɗa a benci.

Sai ga akawu da wani mutum mai furfura a gefen kai, yana haki don sauri. Akawu bai yarda sun haɗa ido da ita ba.

"Iya, ɗan ministan ne."

Mutumin yana goye aka gudu da shi, uwarsa ta rasu kafin ya yi wayo, wuta kuma ba ta bar ko hoto ɗaya ba. Ya tsaya gaban gilashin ya daɗe, sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Ban taɓa ganin fuskarsa ba," ya ce. "Dubi hancina, wallahi nasa ne. Mama, an ce kin san shi. Wane irin mutum ne?"

Ta buɗe baki, ta dubi hawayen da ke bin furfurar gemunsa, ta haɗiye abin da ta yi niyyar faɗa.

"Ba ya cin abinci sai kowa ya ci. Yana son waƙa, ga murya kamar ta jaki. Kullum da ƙaurin hayaƙin jirgi yake komawa gida."

"Ashe har cikin leburori yake shiga!"

"Ba ya rabuwa da su."

In mai wuri ya zo, mai tabarma sai ya naɗe, in ji akawu a ransa. Da hannunta ta naɗe hoton cikin zanen, ta miƙa wa mutumin, ta ce ya riƙa gogewa, ba ya son ƙura. Ya rungume shi ya fita yana sa mata albarka.

Aka fara rufe tagogi. Maigadi ya tsaya a ƙofa, yau babu zolaya. Ita kuwa ta zuba wa farin gurbin da ke bango ido, tana tuna yammacin da ya shigo gida yana dariya har da riƙe ciki, kafin labarin sojoji ya iso unguwa. Wai mai hoto ya gaji da jiran minista, ya kira shi daga bakin wutar jirgi, ya zura masa riga da hular da tela ya kawo wa minista, ya zaunar da shi don gwada haske.

Hoton da mijinta, mai zuba wa jirgi gawayi, ya taɓa ɗauka ke nan kaɗai a duniya.