Allon Zartunan Hachimou

Hassane ya zaro zarton farko daga cikin takarda ya ɗaga shi wajen haske. Siriri ne kamar tsinken tsintsiya, haƙoransa sai ka ƙanƙance ido kake ganinsu. Ya sunkuya ya zura shi a wani bututu da aka ɗaura wa jan zare.

Shekarun nan ne da fetur ya tada garin Sabha, can ƙasar Larabawa, tsaye. Ko'ina bulo, ko'ina siminti, kuma duk wanda ya gina sabon gida a unguwar Sukra sai ya so taga mai furen katako. Hachimou kafinta ke yanka furannin nan da injinsa. Wani dattijo Balarabe ya ba shi shago da ɗakin baya bisa sharaɗi guda, muddin yana ciki yana aiki.

Hassane kuwa lebura ne a wurin gini. Masu jin Hausa a garin ba su ƙirguwa, amma Hachimou kaɗai ya san uwarsa da suna, ya san bakin rijiyar da suka yi dambe suna yara. Shi ya sa duk la'asar yake ratso kasuwa ya ɗauko masa zartuna, don abin nan da ka matsa masa sai ya ce ƙaras.

Da can a gwangwanin madara Hachimou ke watsa su, masu tsatsa da sababbi, kullum yana lalube yana zage-zage. Tun kafin azumi aka samu canji. An yanka tiyon ruwa guntu-guntu, an toshe gindin kowanne da tsumma, an jera su a allo da ƙusa. Kowane bututu da kalar zarensa: ja na masu ƙananan haƙora, kore na katako mai kauri, baƙi na waɗanda suka dakushe amma ba su karye ba. An shafe zartunan da mai, har ƙamshin suya suke yi. Allon dai an kafa shi ƙasa-ƙasa. Hassane ya ce a ransa, lallai ciwo ya tanƙwara dogon nan.

Don a lokacin ne ciwon ya zo. Hachimou ya raba shagon biyu da falankin katako, ya ce fenti ya cinye masa fuska, ba ya son ido. Aiki yakan fito ta ƙarƙashin falankin, shayi ma haka. Muryarsa ta dishe saboda ƙurar katako.

Sai dai ciwon ya ƙara masa ban dariya. Mutumin da a da sai ka yi da gaske yake murmushi, yanzu yakan kwaikwayi dattijon mai gida yana ƙoƙarin cewa "sannu da aiki", har da tarin da ke biyo baya. Hassane yakan yi dariya har ya riƙe ciki, shi kaɗai a kan benci. Wani lokaci Koubra, matar Hachimou, ta sa baki daga ciki, ta ce Malam ya cika surutu, ya ce ita ta koya masa. Abin da ke burge Hassane, ko faɗa suke yi ba mai katse wani. Yakan koma ɗakinsa na kwano yana tunanin ina ma shi.

Ran nan bai zauna a bencin ba. Ya gama jera zartunan, ya tsaya gaban falankin ya ce ginin da suke yi ya ƙare, an ɗauke su aiki can rijiyoyin fetur cikin hamada, mota za ta tashi da safe. Bai san ranar dawowa ba.

Injin ya tsaya.

"Ɗan'uwa, ka leƙo mu yi sallama," in ji Hassane. "Ni da na gan ka da ƙazuwa har cikin kunne, wace fuska ce za ta ba ni tsoro?"

Muryar ta ce Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da abin da aka je nema.

Hassane ya ce ba addu'a ya roƙa ba. Ya tambaya ko wani laifi ya yi, ko wani ya kai gulmarsa. Ya ce azumi ya wuce, salla ta wuce, shi kaɗai ya je idi cikin baƙi. Ya ɗora tafinsa a kan falankin. Katakon ba shi da kauri, ya ji ya ɗan ba da baya.

"In ka tura, ba ni ba kai."

Ya daɗe hannun na wurin. Sannan ya sauke.

Har ya kai ƙofa muryar ta sake kiransa, wannan karon ƙasa-ƙasa.

"Hassane. In ka haɗu da wani ɗan garinmu a can, ko a wane hali ka same shi, ka ce masa a gida ana nan ana riƙe."

Ya tambaya wane ɗan garin nasu kuma, ai su biyu ne kaɗai a ƙasar nan. Sai injin ya tashi. Ya tsaya kaɗan ko za a ƙara cewa wani abu, sannan ya fita cikin rana.

Da takunsa ya ɓace, Koubra ta kashe injin, ta kurɓi ruwa don maƙogwaronta ya gaji da ɗaukar muryar namiji, ta zauna a ƙasa ita kaɗai, kamar yadda take ita kaɗai a bayan falankin nan tun ranar da Hachimou ya hau motar rijiyoyin fetur ya ce ba zai jima ba. Ranar da dattijon ya gane mai shagon ba ya ciki, ranar za a karɓe shago da ɗaki.