Numfashin Lamba Bakwai

Walida ta dire takardun a teburin malaminsu Dakta Alkasim tun kafin ya amsa sallamarta.

Shekara biyu ke nan ita da Shafi'u suna ɗakin bincike ɗaya a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su. Ita tana auna numfashi da ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙirji. Shi kuwa ya haɗa manhajar da ke ƙirga numfashi daga hoton bidiyo, ba tare da an taɓa mutum ba. Ya taɓa kiran ɗamararta kayan tarihi a gaban baƙi, kuma ba ta manta ba.

Da korona ta rufe gari, masu zuwa gwaji suka ɗauke ƙafa, aikin kowa ya tsaya. Sai ga sabon fayil nasa a kwamfutar ɗakin: Lamba Bakwai, kwana goma sha ɗaya.

"Duba nan, Dakta," in ji ta. "Sha shida a minti, kullum. Ba tari, ba hamma, ba ajiyar zuciya. Wane ɗan Adam ne ke numfashi haka? Zama ya yi ya ƙirƙira."

Aka kira Shafi'u daga gidansa a unguwar Cheras. Ya shigo da takunkumi, rigarsa ta yi masa yawa, idanunsa jajur.

Dakta bai ce masa ya zauna ba. "A ina ka samo mutum ana cikin kulle? Da me ka tabbatar da sakamakon? Ka san ana korar ɗalibi a kan wannan?"

"Ban sa shi a kundina ba, Dakta."

"Amma ka adana," Walida ta katse shi. "Shekaranjiya ma layin numfashin ya miƙe sambal, ƙarfe huɗu da minti goma. Gajiya ka yi da ƙaryar?"

Shafi'u ya jawo takardar gabansa, ya ce:

"Manhajar ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Kullum lissafinta daidai yake da na allon da ke gefen gadon asibiti. Ba a barin kowa ya shiga, sai wata nas take kirana ta bidiyo kowace la'asar, ta jingina wayar in gani. Inji ne ke numfashin, har zuciya ta tsaya suka kashe shi."

Ya ɗago ya dubi Walida.

"Bakwai lambar gadon Hureira ce, matata."