Jan Layi Ranar Shuka

Ko wane ne ya kawo dokar nan, bai yi tunanin damina ba. Da rani ya yi ta, da zuciya ya yi ta, kuma bai shawarci kowa ba.

Abin da Badaru ke faɗa ke nan tun safe a masana'antar matsar man gyaɗa da ke bayan kasuwar Ɗanbatta. Ruwan shuka ya sauka da asuba, laimarsa kuwa ba ta kwana biyu a jigawar gonarsa. Maƙwabta tuni sun fita da sungumi. Shi ga shi gaban inji.

Dabararsa mai sauƙi ce. In ya gama aikin safe, sai ya zarce da na yamma a madadin abokin aikinsa Kamaruddeen, gobe Kamaruddeen ya tsaya masa, shi ya wuni a gona. Sun shirya. Saura manhajar da ke raba aiki.

Maimunat, mai kula da jadawalin, ta shigar da sunansa. Jan layi ya fito: awa takwas sun cika, sai bayan hutun awa goma sha biyu.

"Sake gwadawa!"

Ta sake. Ja.

Ya dangwali allon da hannun hagu har kwamfutar ta girgiza. "Na'ura ce za ta gaya mini na gaji? Ta san gero? To sa sunan wani, ni in yi aikin."

"Baba Badaru, da hoton fuska ake shiga. Ko Alhaji mai wurin ba ya iya buɗewa. Haka aka nema."

Kamaruddeen ya sunkuyar da kai yana danne dariya. "Kuma da ihu aka nema, Baba."

Badaru ya harare shi. Ya tura hannun dama cikin aljihu, ya fita. Washegari yana kan inji rana ta lashe laimar. Da la'asar ya isa gona ya sari ƙasa, ƙura ta tashi. Ya mayar da irin cikin buhu yana tsaki.

Mutumin da ya yi gyangyaɗi a gaban inji a awa ta sha huɗu bara, ya dawo daga asibiti ya tsaya ƙofar ofis kwana uku yana rantsuwa sai an kulle jadawalin yadda ba mai buɗewa, Badaru ne. Mai musu ya je ya miƙa masa hannu su gaisa, ya ƙirga yatsun.