Zaki Ɗaya Tak

Farar takarda da fensir biyu suka ajiye masa a kan tebur, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Malam Mai Zane ya dube su, ya tura hannuwansa cikin aljihu.

Sharaɗin ba wani mai wuya ba ne. Kwanansa goma sha tara a tsare a ofishin tsaro, saboda zanen da ya fito a jaridar Laraba: kura sanye da kwat, zaune a kan akwatin maganin asibiti tana lashe baki, ga tabon nan a gefen hanci da kowa ya san na Minista ne. Minista ya ce shi ba ya son kotu, ba ya son tara. Zaki yake so. A zana shi a zaki, nan gaban jami'ai, da hannun da ya zana kurar, a ɗauki hoto ana yi, a buga a shafin farko. Yau ya zana, yau ya kwana a gidansa.

Malam ya ƙi.

Shekara ashirin da shida sunansa ke fitowa a ƙasan zane. Da littattafan yara aka fara: kaza mai tabarau, kunkurun da ya ari takalmi, ɓeran da ke sayar da inuwa. Cikin masu gadinsa yanzu har akwai wanda ya raɗa masa cewa a kan kunkurun nan ya koyi karatu. Daga baya jarida ta ɗauke shi, dabbobin suka fara kama da manyan gari. Bai taɓa zane a ofis ba. Edita ya ba shi tebur kusa da taga, ya ce hayaniya tana tsinka masa tunani. Da safe ya zo ya ji abin da ake ciki, ya koma gida a rufe ɗaki, kafin la'asar ya dawo da ambulan, ga zane, ga layi ɗaya na rubutu a ƙasa mai harbi kamar kunama.

Maganar farashi kuwa ba da shi ake yi ba, matarsa ce ke zuwa. Aji uku ta tsaya, sunanta ma da ƙyar take haɗa shi, amma Edita in ya jiyo takunta a matakala sai ya ce a ce ya fita. Ta taɓa fizge zane daga hannunsa ta nufi ƙofa, ta ce wanda bai san wahalar kunnen jaki ba shi ke cewa a rage. Har bakin titi ya biyo ta.

Yanzu ita ce kullum a kan benci a ƙofar ofishin tsaro, kwano a cinya. Malam yana da ciwon suga, allurarsa kuma an ce ba ta shiga sai ya yi zaki. Ƙafarsa ta fara kumbura. A waje ɗalibai suna ɗaga kwalaye, wai namijin duniya ya ƙi sayar da hannunsa. Edita yana ta zuba sharhi. Ita ba sharhi ta zo nema ba, mijinta take so.

Ta tasa babban jami'in da ciniki. A bar Malam ya je gida ya zano, ga takardar gida a riƙe. Ya ce a'a. To wuni ɗaya, da ɗan sanda a bakin ƙofa. A'a. To a ba su ɗaki nan cikin ofis, shi da ita da takardar zanen, a ja ƙofa rabin awa, ita ta san yadda za ta shawo kansa. Jami'in ya yi dariya ya ce, haba uwargida, ai amarci ya wuce, Minista da ido yake son gani.

Ran kwana ashirin da uku aka ba ta minti biyar, mai gadi na tsaye a kansu. Malam ya rame, leɓensa ya tsage.

"Malam, ka bar ni in yi musu magana."

"Ki koma gida. 'Yan matan namu uku wa zai riƙe su, ni? Ni da ko ruwan zafi sai ya ƙone a hannuna?"

"Taurin kan nan zai kashe ka."

"A wurinki na koya." Ya sassauta murya. "In kika buɗe baki, ban yafe ba."

Mai gadi ya ba abokansa labari, ya ce mutumin nan ko roƙo bai yarda a yi masa ba.

Ran kwana ashirin da tara ya faɗi a kan hanyar banɗaki. Kafin motar ta kai asibiti rai ya yi halinsa. A leda aka miƙo mata agogonsa da takalmi, aka nuna mata inda za ta dangwala yatsa. Minista ya aiko da ta'aziyya a rubuce, babbar 'yarta ta fara karantawa, uwar ta ce ta bari haka.

Bayan sati biyu Edita ya zo da kansa, ya zauna a tabarma yana murza hula. Za a rufe shafin zane, ya ce, sai dai in marigayi ya bar wani abu a ɗaki, ko tsoho ne, ko rabi ne. Ya ce ta faɗi abin da take so, yau ba zai ja ba. Ta ce babu ko ɗaya, kuma ba za a ƙara samu ba. Ya jira ta soma ciniki. Ta tashi ta ɗaga masa labule.

Da ya tafi ta shiga ɗakin aikin, ta zauna a gaban tebur, ta daɗe ba ta taɓa komai ba. Duk garin yana yabon mutumin da ya ƙi zana zaki. Shi kuwa labari yake kawowa, ya sa rubutu, ya sa suna. Da a ce ya ɗauki fensir a gaban jami'an, da layin farko ya isa su gane ko ƙwai bai iya zanawa ba, su zo gida neman wadda ta zana kurar.