Ɗanyen Curi a Tanderu

Tun da aka rufe ƙofar tanderu Dogo yake tsaye yana kasa kunne. Duk ɗalibin da ke koyon ginin yumɓu a jami'a ya sani, ɗanyen yumɓu in ya sha wuta fashewa yake yi, ya tarwatsa abin da ke kusa da shi. Shi ya sa da safe ya faki ido ya cusa ɗanyen curin yumɓu a bayan tulun Gwani, abokin ɗakinsa. Shekara da shekaru yana haɗiye takaicin yabon da malamai ke yi wa Gwani. Tulun nan shi ne aikin ƙarshe, in babu shi babu digiri. Shi kuwa Dogo ya bar nasa tulun a kan kanta sai gashin gobe.

Wuta ta kankama. Wani abu ya fara ƙas-ƙas a ciki.

Sai Gwani ya dafa kafaɗarsa yana murmushi.

"Mutumina, gode mini. Malam ya ce gas ɗin tanderu ya kusa ƙarewa, gashin gobe babu tabbas. Na tuna babanka ya ce wannan ce damarka ta ƙarshe, sai na fitar da nawa na sa naka a gurbinsa."

Dogo ya buɗe baki ke nan, tanderu ya ce dum!