Mai Gadin Mataki Na Huɗu

Wata uku ke nan wasan da ke wayar jikar Kaka bai wuce mataki na huɗu ba, domin Kaka ta hana a harbi mai gadin ƙofar.

Kullum da yamma a falo take ƙara masa tarihi. Wai ɗan fari ne, bahago, kunya ce ta hana shi kiran gida.

Ran nan jikar ta gaji. "Kaka, zane ne fa kawai!"

"Ja'ira, dubi ɗingishinsa."

Ta duba. Tafiyar Baba ce sak, mahaifinta da ya fita neman aiki shekara shida da suka wuce.

Ta janye yatsanta. "Yana da 'ya mace kuma," in ji ta.

Mai gadin yana nan tsaye. Baba bai kira ba tukuna.