Dorinar Baba Saje

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, Baba Saje bai miƙa nasa ba. Tsohon soja ne, dattijo a cocinmu da ke bayan Ƙofar Kaura, shi ke karɓar haddar aya a wurinmu, yaran Makarantar Lahadi. Dorinarsa kullum a shafe take da man gyaɗa don kada ta bushe. Har yau ƙanshin man nan yana tayar mini da tsikar jiki.

Wata Asabar da yamma muna bitar ayoyin da za mu karanta gaban jama'a, sai tawa ta ɓace mini a tsakiya. Ya tsula mini ɗaya a gadon baya. Ta biyu ta yaga rigata. Na faɗi tsakanin bencina, fitsari ya ƙwace mini. Ya ɗaga ta uku.

Malama Rifkatu, wadda ba a jima da ba ta jagorancin yara ba, ta tare da hannunta. Dorinar ta sauka a damtsenta, fata ta tsage, jini ya ɗiga kan siminti dab da fuskata. Ba ta janye ba.

"Baba," ta ce, "in yaran suka koyi tsoron gidan nan, ranar da suka girma ba za su ƙara tako shi ba. Ka ƙarasa a kaina."

Bai ƙarasa ba. Ya naɗe dorinar ya fita.

Yau ni ke kula da yaran cocinmu. Ayar nan har yanzu sai na duba littafi. Tabon hannunta kuwa na haddace shi.